Igiyar Bindiga

A nan Alabama, mafarauci ba ya hawa tsanin bishiya da bindiga a hannu. Sai ya zauna a sama tukuna, ya jawo ta da igiya. Haka na koya wa ƙanena Lonnie, kafin ya faɗo daga wannan tsanin bara ya rasu.

Da asuba ina sama ina dakon barewa, sai igiyar ta motsa.

"Yaya malam, ja mana, hannuna ya sandare," in ji wata murya daga ƙasa. "Yau dai na bi dokarka."

Ban ji takun kowa a busasshen ganye ba. Na ja a hankali. Bindiga ta iso da ɗanyar ƙasa a jikinta, bindigar da muka binne Lonnie da ita ce.

Sai tsanin ya fara girgiza.