Surukin da Ya Yi wa Baba Wanka

"Ko a gaban alƙali haka zan faɗa, ba zai yiwu ba," in ji ƙanena, yana buga sanda a ƙasa da hannun hagu. Na daman kuwa, tun da ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a cinyarsa kamar baƙo.

'Yarsa Auta ta durƙusa a gabansa. "To Baba, me ya yi?"

"Bai yi komai ba."

"In bai yi komai ba..."

"Ya yi da yawa ne. Tashi ki ba ni wuri."

Ni ina gefe wai ina gyaran farce, kunne kuwa na baza shi. Ni ce yayarsa, ni na goya shi, na san inda ke yi masa ƙaiƙayi. Amma bari in koma baya kaɗan.

Wata bakwai kafin nan hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo, mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa babbar mota bai taɓa kwana a asibiti ba. Da aka sallamo shi sai aka haɗa mu da wani nas, dogon saurayi mai sanyin murya. Ranar farko Auta ce ta buɗe masa ƙofa, rungume da littattafan ɗalibanta. Ya ce, "Sannu, Malama." Littattafai suka zube. Tun daga nan na gyara zama.

Yaron ya iya aiki. Kullum ƙarfe bakwai yana bakin ƙofa, shi ya sa Auta ta sa masa suna Agogo. Ya koya mata juya Baba kada bayansa ya yi gyambo, da zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci kada ya shaƙe. Ya kawo akwatin magani mai gida bakwai, ya nuna mata na hawan jini, ya nuna mata na tsinka jini, ya ce kada a haɗa shi da ko wane magani sai an tambaya. Sauran aikin kuma sai ya rufe ƙofa. Shi ke yi masa wanka, shi ke canza masa zanen gado in an yi ɓarna. Da cikin ƙanena ya ɗaure kwana shida, shi ya sa masa magani ta inda ba a faɗa.

Wata rana wayar Auta ta faɗo hannuna. Karatuna ba shi da nisa, amma ya isa wannan.

"Malamata, Baba ya sha na safe? Ke fa, kin ci abinci? Jinya biyu nake yi a gidan nan."

"Ya sha, Agogona. Ta biyun ba ta da magani."

"Akwai. Sau ɗaya ake sha, ya yi aiki har tsufa."

Da kawun Agogo ya zo nema masa auren Auta, shi ne rigimar nan ta tashi. Bayan Auta ta fita tana kuka, na matsa kusa da ƙanena.

"Faɗa mini gaskiya, ƙanena."

Ya kalli bango. "Yaya, suruki mutum ne da kake gyara hula in ka ji sallamarsa. Wannan ya ɗaga ni kamar jariri. Ya ga abin da ko uwar 'ya'yana, Allah ya jiƙanta, ba ta gani ba. Da wane ido zan karɓi gaisuwarsa?"

Washegari ya sallami nas.

Kafin mako ya zagayo, mai kemis na bakin titi, wanda ya daɗe yana zagaye Auta, ya fara zuwa da ƙamshin turare. Ya ji Baba yana kukan gwiwa, sai ya kawo masa wasu ƙwayoyi na kashe ciwo, bai tambayi me yake sha ba. Ƙanena ya ɓoye su a ƙarƙashin matashi, yana sha safe da yamma, yana cewa ga suruki mai hankali. Auta kuwa ta rame. Ta aika wa Agogo saƙo uku bai amsa ba, ta zaci ya yi zuciya. Ashe Baba ne ya sa shi ya yi alkawarin ba zai ƙara kula ta ba.

Rana ta goma da fara shan ƙwayoyin na ga ƙanena ya yi fari fat, yana riƙe ciki. Na tambaya, ya ce ba komai. Auta ta tambaya, ya daka mata tsawa. Da hantsi na hango shi ta taga yana fama da waya da yatsa ɗaya na hagu, gumi na zuba. Daga baya na karanta abin da ya rubuta.

"Ka zo. Bayan gidana ya yi baƙi kamar kwalta. Ba wanda zan iya faɗa wa sai kai."

Ba a yi minti ashirin ba sai ga Agogo, rigarsa a baibai. Ya auna jini, ya ɗaga matashi, ya ga ƙwayoyin.

"Baba, wannan da maganin tsinka jini ba sa zama ciki ɗaya. Cikinka ne ke zubar da jini. Malama, ɗauko takardunsa, yanzu za mu tafi."

Kwana biyar aka yi a asibiti, har da ƙarin jini. Mai kemis bai leƙo ba. Ranar da aka sallame shi, ƙanena ya kira Agogo, ya juya fuska ga bango, ya ce, "Ka ce wa kawunka ya dawo."

Agogo ya sunkuyar da kai. "Baba, abin da na gani a bayan ƙofar nan, a bayan ƙofar nan na bar shi."

"Na ce ka kira kawunka, ban ce ka yi wa'azi ba."

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure. Ango bai fasa zuwa ƙarfe bakwai yana motsa yatsun surukinsa ba, sai dai yanzu ƙanena da hula yake karɓarsa.

Kwana uku da biki ango da amarya suka zo gaisuwa. Suka durƙusa, ƙanena ya kalli rufin ɗaki ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku 'ya'ya masu tausayi, ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa mini."

Muka ce amin. Auta tana share ido. Ni kuwa bakina bai san ya zauna ba.

"Kai ka more, ƙanena. Kowa surukinsa a fuska ya san shi, kai naka ya san ka ciki da waje."

Ango ya cusa kai tsakanin gwiwoyinsa. Amarya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Ƙanena ya miƙe, sanda a hagu, yana jan ƙafa yana cewa tun yana yaro nake tona masa asiri. Ya kai bakin ƙofa, muna kallo, ya ɗaga hannun nan na dama da ya kusa shekara a kwance, ya kama marfin, ya fita ya bugo shi har labule ya faɗo.