Buhun Ƙafar Hagu

Ranar Alhamis da takwas saura kwata na safe, Marijke ta buɗe sito don ɗauko fenti da takardun zane, ta tarar buhun takalma guda babu shi. Buhu biyu ta bari jiya da yamma. Kwaɗon ƙofar lafiya lau, tagar kuma ko kyanwa ba za ta ratsa ta ba.

Marijke ce shugabar 'yan mishan tara da suka zo daga Holan su yi mako uku da yaran garin Salcioara. A tsohuwar makarantar da aka rufe suke aiki: waƙa da labarin Littafi Mai Tsarki da safe, zane da ƙwallo da hantsi, tuwon masara da cuku da rana. Takalman na yara sittin ne, ranar Asabar za a raba.

Kafin tara ta cika, Horatiu ɗan sanda ya iso, iyaye sun taru a bakin ƙofa, kuma garin ya riga ya yanke hukunci. Lamaita ce, mai dafa abinci, tunda 'yar ƙabilar Roma ce, tsirarun da ake raina a garin, daga unguwar bayan kogi, ga shi tana da makulli.

Malama Filofteia ita ce tafintar baƙin. Shekara arba'in ta yi tana koyar da lissafi, kuma abin da ta koya a cikinsu shi ne duk amsar da aji ya faɗa baki ɗaya a sake duba ta. Ta tarar da Horatiu riƙe da gwiwar hannun Lamaita.

"Horatiu, sake ta."

"Malama, aikin hukuma ne."

"Na san aikinka. Ni na gyara shi da jan biro shekara huɗu. Ka ba ni zuwa sha biyu."

Iyaye suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Horatiu ya saki hannun, amma ya ce sha biyu na bugawa zai tafi da ita ofis. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: ko an sake ta, babu gidan da zai ƙara ba ta aiki a Salcioara.

Malama ta fara da Marijke, wadda take durƙushe a tsakar fili tana ɗaure wa wata yarinya ƙafar da ta gurje. Baturiyar ta ƙone jawur saboda rana, muryarta ta dushe da waƙa, amma ba ta bari yaran sun ga damuwa a fuskarta ba.

"Makulli nawa ne?"

"Uku. Nawa, na Lamaita, na Nea Grigore mai gadi."

"Rabin yara ke nan suka rasa takalmi?"

"Dukansu, Malama. Shekarar da ta wuce an sace mana buhu a hanya. Tun daga nan muke raba su: ƙafar hagu buhu guda, ƙafar dama buhu guda. Na hagun aka ɗauka."

Malama ta dube ta da kyau. Ta daɗe tana ɗaukar baƙin nan mutanen kirki marasa wayo. Ta janye rabin maganar a zuciyarta.

"Wa ya san da wannan?"

"Mu tara. Sai Lamaita da Nea Grigore. Ranar Litinin da yamma suka taya mu rubuta sunan kowane yaro a cikin takalminsa."

"Kada ki faɗa wa kowa wace ƙafa ce ta rage."

Nea Grigore yana zaune a inuwar bishiyar goro, yana lallaɓa bayansa.

"Grigore, ina makullinka?"

"Ga shi a wuyana, tare da giciyen uwata. Malama, ni da aka yi wa aiki a baya watan jiya? Bokitin ruwa ma sai wannan dogon Baturen ya ɗaukar min."

"Ka san abin da ke cikin buhun?"

"Na sani mana. Har na ce musu ko a ƙasarsu mutane ƙafa ɗaya gare su. Idan zan yi sata, ai biyun zan kwashe."

A kicin Lamaita tana tuƙa tuwo kamar tana dukan wani. Ba ta ɗago ba.

"Ke ma kin zo ki duba ƙarƙashin siket ɗina?"

"Na zo in tambaye ki makulli. Ya taɓa barin hannunki?"

"Bai taɓa ba." Ta tsaya da muciya. "Sai dai da safe. Octavian mai burodi yana zuwa ƙarfe bakwai, lokacin ina hura wuta. Sai in jefa masa ya shigar da akwatunan burodin cikin sito, ya kulle, ya dawo min da shi."

"Yau ma?"

"Yau ma."

"Me ya sa ba ki faɗa wa ɗan sanda ba?"

"Ya tambaye ni ne? Kuma Octavian a coci yake rera waƙa, Malama. Ni da shi, maganar wa za a ɗauka?"

Malama ta san amsar. Zargi kaɗai ba zai buɗe motar mai rera waƙa ba. Ta koma ta sa Tjeerd, dogon Baturen, ya jawo buhun da ya rage zuwa bayan kicin, bakinsa a ɗaure, ya tara itace kusa da shi. Ta ce wa Horatiu ya zauna a kicin ya sha kofi, ya yi shiru.

Sha biyu saura minti goma farar motar burodi ta shigo kwasar akwatuna. Octavian ya sauko yana girgiza kai.

"Malama, na ji abin da ya faru. Ai mun sha faɗa wa Turawan nan, mutanen bayan kogi ba a ba su makulli."

"Haka kowa ke cewa. To ɗaya buhun ma ƙonawa za mu yi. Marijke ta ce ba shi da sauran amfani."

Tjeerd ya ƙyasta ashana. Octavian ya yi tsalle ya tare shi.

"Haba, Malama! Sababbin takalma? Ku ba ni in tafi da su. Akwai wani mai gyaran takalmi a birni, ya san asibitin masu yankakkiyar ƙafa. Ƙafar dama sittin ai ba abin wasa ba ne."

"Dama, Octavian?"

"Dama mana."

"Buhun nan a ɗaure yake. Wa ya ce maka dama ce?"

"A gari na ji."

"A gari ana cewa an sace rabin takalma. Horatiu ma da ke bincike bai san an raba ƙafafu ba. Horatiu, ka sani?"

Ɗan sandan ya fito da kofi a hannu, kunnuwansa sun yi ja. "Ban sani ba, Malama."

Ya buɗe bayan motar. Buhun yana can ƙarƙashin akwatunan burodi, an kwance bakinsa an sake ɗaurewa cikin gaggawa. Octavian ya soma maganar wai ajiya ya yi don kada a sace. Ba wanda ya saurare shi.

"Sauƙi gare shi," in ji Malama. "Duk wanda ya san yadda Marijke ke shirya kaya ba zai ɗauki buhu ɗaya ba. Lamaita ta sani, Grigore ya sani. Ɓarawon baƙo ne ga aikin yamma, amma makulli na zuwa hannunsa. Mutum ɗaya ke nan. Ya buɗe buhun a hanya, ya ga hagu zalla, ya san dole ya samu ɗayan. Ni kawai na ba shi dalilin buɗe baki."

Horatiu ya tura Octavian cikin mota. Malama ta riƙe wa ɗan sandan hannun riga.

"Saura abu ɗaya. A gaban iyaye ka kama ta. A gabansu za ka yi magana."

Suna nan kuwa, sun zo kallon tafiya da Lamaita. Horatiu ya cire hula, ya ce ya yi kuskure, uwargida Lamaita ba ta taɓa komai ba, yana neman afuwarta. Wasu suka sunkuyar da kai. Wata ta ce ita dama tun farko ba ta yarda ba.

Lamaita ta tsaya da ludayi a hannu, ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi sauri ba. Marijke ta zo ta tsaya kusa da ita, ta ciro nata makullin daga wuya ta miƙa mata.

"Daga yau biyu za ki riƙe. Ni yawan ajiye shi nake inda bai kamata ba."

Malama ta fassara da ƙarfi, yadda na bayan layi ma za su ji. Lamaita ta karɓa, ta jefa a aljihun gaba, ta juya wajen yaran da suka jeru da kwanoni.

"Ku wanke hannu tukuna," ta ce. "Wanda bai wanke ba, ba cuku."