Kube Babu Ƙarfe

Ƙotar ce kawai ta biyo hannun baƙon. Mataimakin Razdan, Baturen mulki, ya kawo ziyarar ba-zata gidan Ƙungiyar Neman Sani ta Pekalongan, aka buɗe masa kabad ɗin gilashi, ya ɗauki wuƙar keris da ya sha jin labarinta, ya zare. Sai ga ƙotar hauren giwa a hannunsa na dama, kuben zinariya a na hagu, tsakaninsu babu komai sai ɗan tsinken gora da aka soka don ƙotar ta zauna daidai. Ƙarfen wuƙar ya yi ɓatan dabo. Kafin azahar an kulle mai gadin gidan, Om Latuheru, tsohon soja mutumin Ambon, domin makulli na hannunsa, kuma shi ne ba shi da dangi a garin. In zargin ya tabbata, aikin fursuna cikin sarƙa ke jiransa a ramin kwal, inda tsoho irinsa ba ya dawowa.

Mantri Suwito, jami'in 'yan sanda, aka ba binciken, kuma bai yi murna ba. A barandar gidan nan ya koyi karatu. Mutum uku suka kafa ƙungiyar tun yana goye: Dokter Wiryo, da Haji Masduki mai rinin yadin batik, da Babah Tan mai gidan ɗab'i. Da fari abin dariya aka ɗauke su, manya da gemunsu suna zama duk mako suna karanta wa juna bayani a kan sauro da tsoffin duwatsu, har 'yan kasuwa suka sa musu suna masu auna ruwan sama. Amma su ɗin suka haƙa rijiyoyin unguwanni, suka buɗe wa 'yan matan batik makaranta, suka kafa fitila a bakin kogi don masunta. A shekarar kwalara, Dokter Wiryo da hannunsa ya ɗauko Suwito daga tsakanin gawar uwarsa da ta ubansa.

Wuƙar ma ta likitan ce, gadon gidansu daga Solo. A waccan shekara mutane suna ta zagaya gari da wuƙaƙen gado da turare wai su kori annoba, suna komawa gida suna shan ruwan kogi. Sai likita ya ɗauko tasa gaban jama'a ya ce ƙarfe ƙarfe ne, ya kulle ta a kabad, ya ce kowa ya je ya tafasa ruwa. Shi ya kafa dokar cewa ba a wanke ta, ba a yi mata turare, ba a ajiye mata fure. Mutane suka ga ɗan babban gida ya rabu da gadonsa bai mutu ba, suka fara tafasa ruwa.

Suwito ya duba kabad. Ba a ɓalle makulli ba. Ƙotar ba ta tsage ba, alhali fitar da ƙarfe daga tsohuwar ƙota sai wanda ya iya, a murza a hankali kamar ana lallashin yaro. Ya kifa kuben a tafin hannunsa ya buga, sai wani busasshen furen melati ya faɗo. Ya jima yana kallonsa kafin ya sa shi a aljihu.

Latuheru na zaune a ɗakin tsaro ƙafa miƙe, ko tashi bai yi ba.

"Nak Mantri, ɗana, in bar zinariya in ɗauki ƙarfe? Yatsu na baro a yaƙi, ba hankalina ba."

Ya ce shi aikinsa shara da goge gilashi, bai taɓa riƙe wuƙar ba, kuma makullan kabad huɗu ne: nasa da na dattawan uku. Da Suwito ya juya zai tafi, tsohon ya tambaya ko maigidansa, Ndoro Dokter, ya san inda aka kulle shi. Suwito ya ce ya sani. 

Babah Tan yana cikin ƙarar injinsa, tawada har gwiwar hannu. Bai ɓoye ba, ya ce shekara da shekaru kuben nan yake mafarki, da shi ne ɓarawon da ƙarfen ne za a tarar a kabad yana jin sanyi. Uwarsa Bajawiya ce, 'yar asalin ƙasar, ta gargaɗe shi tun yana yaro kada ya taɓa wuƙar gidan wani, shi kuwa duk iliminsa bai kai ya gwada ko ƙarya ta yi ba. Ya ƙara da cewa abin ya taɓa likita ƙwarai, don ranar ziyarar ko hannu bai ba Baturen ba, hannuwansa na baya har aka watse.

Haji Masduki yana bakin ramin shuni. Shi kam tun kafuwar ƙungiya yake cewa a jefa wuƙar a teku a huta, don haka Suwito ya tambaye shi kai tsaye.

"Da ni ne, da rana tsaka zan ɗauke ta, in kira ka ka riƙe mini laima," in ji Haji. "Kuma da kubenta za ta tafi."

Suwito ya nuna masa furen. Haji ya yamutsa fuska ya ce wannan aikin masu neman izinin ƙarfe ne, shi ko da wasa bai taɓa yi ba, kuma duk garin shaida ne.

A hanyar komawa ya bi ta unguwar bayan masallaci. Wani dattijo na zaune a ƙofar gidansa da kwanon ruwan kwakwa mai tsami, ya cire ƙotar wuƙarsa ya ajiye gefe, yana goga wa ƙarfen lemun tsami. Gida na gaba ma haka. Suwito ya tsaya cak. Watan Suro ne, wato Muharram, watan wanke wuƙaƙen gado. Shi da aka rena a barandar ƙungiya har ya manta ana yi. Ya dubi faratan dattijon, sun yi baƙi ƙirin da warangan, garin dutsen nan mai guba da ake shafa wa ƙarfe don zanensa ya fito. Nan take ya san gidan da ƙafarsa za ta nufa, kuma da zai iya da ya aika wani.

Da la'asar ya tarar da Dokter Wiryo a baranda, hannuwa cikin aljihun farar rigarsa. Daga bayan gida warin ruwan kwakwa da ya yi tsami yana tasowa. Suwito ya durƙusa ya gaishe shi. Bai yi zancen wuƙa ba, sai ya ce tun safe yake jin zazzaɓi da jiri.

Likita likita ne. Kafin ya yi tunani hannu ya fito ya kama wuyan hannun Suwito. Faratan baƙi ƙirin, fatar gefensu lemun tsami ya cinye. Dukansu suka kalli hannun, amma tsohon bai janye ba sai da ya gama jin bugun jinin.

"Lafiyarka ƙalau, Nak. Ka iya ƙarya."

"A gafarce ni, Ndoro."

Suwito ya ajiye furen a kan tebur, ya faɗi abin da ya gano, idonsa a ƙasa. Ɓarawo zinariya yake ɗauka. Wanda ya bar ta ya tafi da ƙarfe, ƙarfen ne abin daraja a wurinsa. Ya iya cire ƙota ba tare da ta tsage ba, to a gidan da ake wannan aiki ya tashi. Ya soka gora don kada a lura, ashe da niyyar mayarwa ya ɗauka. Sannan ya kasa barin kube fayau bai sa fure ya nemi izini ba, abin da Kirista ɗan Ambon bai sani ba, Haji ba zai yi ba, Babah Tan kuwa tsoro ba zai bar shi ba. A cikin masu makulli huɗu saura mutum ɗaya, wanda ya ɓoye hannunsa ranar ziyara, a watan Suro.

Likita ya tashi ya shiga ciki, ya dawo da ƙarfen naɗe a farin ƙyalle. Ya ce tun bara ya hango tsatsa a bakin kuben, duk ranar taro idonsa na kanta, ba ya jin abin da ake karantawa. Har yanzu bai yarda akwai wani abu a cikin ƙarfe ba. Amma duk Suro ubansa kan zaunar da shi ya riƙe masa kwano, kuma ya rabu da uban suna fushi da juna a kan karatun Turawa, bai samu jana'izarsa ba.

"Abu ɗaya ya rage mini da hannunsa ya taɓa, ni kuma na kulle shi ina kallo yana ruɓewa."

"Da kun faɗa wa ƙungiya."

"In faɗa, gobe a ji a kasuwa likita ya koma wanka da turare? Damina na zuwa, Nak. Wa zai ƙara tafasa ruwa don na ce?"

Suwito ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, duka a lokaci guda. Likita ya ce a mayar da ƙarfen a ɓoye, a ce an tsince shi a bayan kabad. Suwito ya ce in an yi haka za a ce mai gadi ne ya ji tsoro ya sa aka dawo da shi. Ko an sake shi, da sunan ɓarawo zai mutu.

"Ya tambaye ni ko kun san inda yake, Ndoro. Na ce kun sani."

Tsohon ya miƙe. Sannan ya nemi takalmansa.

Bai yarda a kira keken doki ba. Da ƙafa ya ratsa kasuwa, ƙarfen a kan tafukansa biyu, baƙin farcensa a fili, Suwito na biye da shi a baya maimakon gaba. Mata masu sayar da kifi suka daina ciniki. Wata ta tambaya ko wuƙar likita ce aka samu, ya tsaya ya ce ba a sace ta ba, shi ya ɗauka ya wanke, kuma ya bar wani a kulle saboda kunya. Ya ce kowa ya wanke tasa in yana so, amma ruwan sha a tafasa. Ko sun ji ko ba su ji ba, sai damina ta faɗa.

Da aka buɗe ɗakin tsaro, Latuheru ya miƙe da ƙyar yana dafa bango. Likita ya fara ba shi haƙuri. Tsohon sojan ya saurara har ƙarshe, ya dubi ƙarfen, ya dubi farcen. Bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Hannunsa mai guntulallun yatsu kawai ya miƙa.

"Makullinku, Ndoro."

Wanda ya kafa ƙungiyar ya laluba aljihu, ya ciro makullin kabad, ya sa a hannun mai gadi.