Saksafon a Lambun Albasa

Tun da matarsa Tani ta rasu, barci ya ƙaurace wa Mijinyawa. Shekara talatin ya yi yana busa saksafon, algaitar Turawa, a bukukuwa, daga kiɗan rawar 'yan Kudu zuwa waƙoƙin Sudan, har fiyano ta zo ta sallami kowa. Tani ta sha gaya masa busa bayan isha'i kiran mutanen ɓoye ne, har ya yi mata alkawarin dainawa. Ya kuwa cika, muddin tana raye.

Daren nan zama ya gagare shi. Ya ɗauki saksafon ya gangara lambunsa na albasa a fadamar Danchadi, inda babu maƙwabcin da zai yi masa tsaki. Yana cikin busa sai kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya.

"Sannu da aiki, Malam," in ji wata mace a lulluɓe, tana tsaye tsakiyar shukar da ya ba ruwa da yamma.

"Baiwar Allah, mi ya kawo ki da wanga dare?"

"Kai ka kira. Busa man waccan ta cikin ɗaki."

Waƙa ɗaya ce bai taɓa busawa a waje ba, Tani kaɗai yake busa wa ita. Kafin ya ɗaga hannu ta fara rera ta, ba ta ko tsayawa jan numfashi. Ya dubi ƙasa. Taɓon sumul yake, babu sawu ko ɗaya.

"Ashe, Malam," ta ce a hankali, "alkawarin naka iyakarsa bakin kabari?"