Tsinin Shinkafar Kinanti

Galih ya ce shi ya dafa tumpeng ɗin, shinkafar bikin Kinanti, da hannunsa. Ya faɗa a bakin ƙofa, ya maimaita a tsakar gida, sannan ya faɗa wa kakar Kinanti da ba ta ji sosai, har maƙwabta ma suka amfana.

"A Jakarta na koya," ya ce yana gyara agogo. "Namijin zamani dole ya iya girki."

Kinanti ta dubi shinkafar, gangamau ya rina ta rawaya, an tula ta kamar dutse a kan ganyen ayaba, kaza da ƙwai sun kewaye ta. Yau ta cika shekara ashirin da huɗu. Duk saurayin da ta yanka wa tsinin a gaban dangi, ta gama magana, shi ne mijin da ta zaɓa.

Mahaifiyarta ta ja ta gefe.

"Galih za ki ba."

"Ibu..."

"Ɗan mutunci ne, ga aiki, ga shi har girki ya yi miki. Kada ki kunyata ni."

Kinanti ta zame ta fita ta ƙofar baya. Tarjo na can kusa da babur ɗinsa, hannuwa cikin aljihu. Shi ke taya babarsa sayar da abinci a bakin kasuwa, shi kuma take so tun suna makaranta.

"Mas Tarjo, ba za ka shigo ba?"

"Saƙo aka aiko ni kawowa, na kawo."

"To in na ba wani tsinin fa?"

"Sai in ci na ƙasan," ya ce, murmushin bai kai ido ba. "Ki dai ci da kyau, 'yar rigimata. Ban sa barkono da yawa ba, na san cikinki."

Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta kama hannun rigarsa ta ja shi ciki.

Aka yi addu'a, aka yi waƙa, Galih ya fi kowa murya. Kinanti ta yanke tsinin a faranti, ta durƙusa gaban mahaifiyarta.

"Ibu, naki ne. Ke kika haife ni. In kin ga dama, ki miƙa wa wanda ya dafa."

Fuskar Ibu ta washe. Galih ya matso, ya miƙo hannu biyu, tas da su, farce har ƙyalli yake.

Ibu ta dubi hannuwan. Tun tana budurwa take goga gangamau, ta san ba ya barin yatsa sai an kwana biyu. Ta juya ga Tarjo.

"Kai, fito da naka."

Ya fito da su a kunyace. Rawaya har wuyan hannu.

Ibu ta yi ajiyar zuciya, ta ɗora masa farantin.

"Gobe ka turo babarka."

Kakar ta leƙa tafin Galih.

"Ɗan nan, a Jakartar da ƙafa kuke girki?"