Yarinya Mai Ƙwallayen Dabino

Na rantse da hular kaina, da idona na gani, ina leƙe ta taga!

Can da, a wani gari, an yi wata yarinya da lissafi ba ya zama a kanta sai ta jera ƙwallayen dabino a ƙasa. In ta jera, ba ta kuskure. Babanta ya ce, "In kika faɗi bana, kin gama makaranta, sai kiwon awaki."

Ran jarrabawa, sabon malami ya watsar da ƙwallayen da ƙafa. Ya ce, "Da ka ake lissafi, ba da shara ba! Zan buga tebur sau uku. Bakwai sau takwas?"

Ya buga, tana kallon ƙasa. Ya buga, tana ƙirga yatsu. Ya buga, ta ce, "Malam, don Allah, saura kaɗan."

"Fita!"

A bakin ƙofa ta tsuguna tana kuka, ta jera tsakuwa, ta ɗaga murya: "Hamsin da shida, Malam!"

Malam ya fito da gudu yana cewa, "Dawo, 'yata, kin ci!"

To, yara, wannan gudun ni na ƙara. Ko waiwayowa bai yi ba. Har ta tsufa tana kiwo, akuya ɗaya ba ta taɓa ɓace mata a ƙirga ba.