Waƙar da Toader Ke Yi wa Ciyawa

"Baba, ka yafe min..."

Karo na uku ke nan Domnica ta faɗa, tana durƙushe cikin kayan amarci. Ubanta Toader ya zuba wa bango ido. A ƙauyensu amarya ba ta taka hanyar coci sai ubanta ya ɗora hannu a kanta, ya ce ya yafe, a gaban kowa.

"Mai goge!" in ji shi. "Shekara ashirin ina rainonki don mai yi wa mashaya kiɗa?"

Gavril, angon, ya leƙo daga bakin ƙofa. "Zuciyata, kar ki..."

"Tsaya inda kake, masoyi," in ji Domnica.

Parasca, ƙawar amarya, ta kwashe da dariya. Ta daɗe tana son Gavril, ita ce ma ta yi ta kai wa tsohon gulmarsa.

"Tashi mana, ƙawata! Gwiwarki za ta yi kanta!"

Domnica ko kallonta ba ta yi ba. Ta ɗaga kai, ta ja murya a hankali.

*"Irina, ciyawa ta tsiro a hanyarki,
na yanke, ta sake tsirowa..."*



Irina ƙanwar Toader ce. Shekara talatin da suka wuce ta durƙusa masa a wannan ɗakin, shi ne a madadin ubansu marigayi, ya hana ta hannunsa. Ta tsallake dutse da mijinta, can aka binne ta. Tun daga nan yake rera mata wannan waƙa in yana yankan ciyawa shi kaɗai a kan tudu, a zatonsa ciyawa ce kawai ke ji. Haka maza suke: ba su iya magana sai an rufe kabari.

"Wa ya koya miki?" in ji Toader.

"Kai, Baba. Ni ke kai maka abinci can kan tudun. Yau zan tafi da Gavril, ko da hannunka ko babu. Ba na so dai ka yi min tawa waƙar bayan na mutu."

 Sai ta ji nauyin tafin tsohon a kanta.

"Na yafe, 'yata... Amma kin ja baiti na biyun da yawa."

Ya harari ƙofa.

"Kai, mai goge! Ran Lahadi ka zo da abin naka. Waƙar nan ba ta taɓa samun kiɗa ba."